Yadda Ake Goge Ɓangaren Rikabari a Kwamfuta, da Kwashe Kaya Zuwa Ajiya Kafin a Taɓa Shi

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya taso tun daga Dundaye cikin ranar nan ta watan Afrilu mai ƙona ƙeya, ya dire mini laftof ɗinsa a kan tabarma.

"Yaya, wagga kwamfuta ta cika maƙil. Ga wani wuri nan da anka rubuta rikabari, gigabait 18 yac ci. In goge shi?"

Na ce, "Kana da kwafin furojet naka wani wuri?"

Ya sosa kai. "A'a, duk nan ciki shike."

Daga nan aikin ya fara, kuma daga nan naka ma zai fara. Goge ɓangaren rikabari bai fi aikin minti biyu ba. Abin da ke cin yini shi ne kwashe kaya, kuma shi mutane ke tsallakewa.

Da farko, san abin da kake son gogewa

Rumbun ajiyar kwamfuta, wato had-dis ko SSD, a rarrabe yake gida-gida kamar ɗakunan gida ɗaya. Masu gyara fatishan suke kiran kowane ɗaki. Wanda ka sani shi ne C, inda Windows da kayanka suke. Sauran a ɓoye suke. In kana son ganinsu, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Za ka ga rumbun a shimfiɗe daga hagu zuwa dama.

Rikabari, wato ɗakin da ke ɗauke da kayan farfaɗo da Windows idan ta lalace, iri biyu ne, kuma ba daraja ɗaya gare su ba.

Akwai ƙarami, na Windows kansa, wanda yawanci girmansa tsakanin megabait 450 ne zuwa gigabait 1. A cikinsa akwai fayil mai suna Winre.wim, shi ne shuɗin shafin nan da ke fitowa idan kwamfuta ta kasa tashi, inda ake gyara ta ko a mayar da ita sabuwa. Shawarata kan wannan a taƙaice: ƙyale shi. Abin da za ka samu bai kai fim ɗaya ba, abin da za ka rasa kuwa shi ne likitan cikin gida. Dalili ɗaya da na yarda da shi na cire shi shi ne idan ya tokare tsakanin C da wani fili da kake son haɗewa da C.

Sai babba, wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya dasa, irin su HP da Dell da Lenovo. Wannan yakan kai gigabait 10 zuwa 20, domin yana ɗauke da cikakken kwafin Windows kamar yadda ta fito daga masana'anta. A tsofaffin HP yakan fito fili da sunan RECOVERY a harafin D, kuma da F11 ake shiga shi yayin kunnawa. Shi ne ya tsone wa ƙanena ido, kuma da gaskiyarsa: rumbun da aka rubuta wa 128, gigabait 119 kacal Windows ke nunawa, a ce 18 sun tafi a abin da ba ka taɓa buɗewa ba.

Galibin laftof ɗin da ke hannunmu a Sakkwato na hannu ne, tokumbo, kuma kafin su iso gare mu an riga an sauke Windows ɗin asali an ɗora wata. A irin wannan hali babban rikabarin ya zama kufai. Sau da yawa F11 ba ya ma kai ka gare shi, in kuma ya kai ka, Windows 8 ce ta shekarun baya za ta dawo maka. Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa mata kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025, balle wadda ta girme ta.

Akwai kuma ɗakunan da ko kusa ba a taɓawa. Wanda aka rubuta wa EFI System Partition, mai megabait 100 ko 260, shi ke tayar da kwamfutar. A tsofaffin na'urori sunansa System Reserved. Akwai wani ɗan mitsitsi mai megabait 16 da ake kira Reserved, wanda ba ya ma fitowa a wannan shafin. Ka riƙe sunayen nan, za mu sake haɗuwa da su.

Kafin ka ci gaba, gwada share dattin da ke fili. Sake danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cleanmgr, ka zaɓi share fayilolin tsarin Windows. Idan akwai folda mai suna Windows.old, ita kaɗai tana iya fin rikabarin girma. Wani lokaci a nan matsalar ke ƙarewa.

Kayan aiki

Kana buƙatar had-dis na waje wanda filinsa ya fi abin da ke cikin kwamfutarka, da filashi mai gigabait 16 ko fiye wanda babu komai a kansa, da wuta tsayayya.

Kan filashi, a yi hattara. Na taɓa sayen wani mai rubutun gigabait 64 a farashin da ya kamata ya sa ni zargi. Ya karɓi kaya lafiya lau, sunayen fayiloli duk suna nan, amma da na zo buɗewa rabinsu fanko ne. Jabun filashi ƙarya yake yi wa kwamfuta game da girmansa. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filashi da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka ainihin abin da yake iya ɗauka. Tana cin lokaci, amma gara ta ci lokacinka.

Kan wuta kuwa, cika batir, ka bar caja a jone. Idan batirinka irin wanda ke mutuwa da zarar an zare caja ne, kada ka fara wannan aiki da wutar gari. Nemi mai sola ko inbata. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi ɓata lokaci ne kawai, amma ɗaukewarta ana tsakiyar faɗaɗa fatishan tana iya lalata C ɗin ɗungurungum.

Sai zafi. A bazararmu ma'aunin zafi kan haura 40, kuma had-dis da ke aiki awa biyu ba hutawa yana ƙara nasa. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ramukan iskarta toshewa suke yi. Ɗora ta a kan tebur ko faranti, ka yi aikin da dare ko bayan asuba. Had-dis na waje kuma a ajiye shi a kwance inda yaro ba zai ja wayarsa ba, domin faifai ne ke juyawa a ciki, faɗuwa ɗaya yana aiki ta ishe shi.

Mataki na farko: makullin BitLocker

Danna Start, rubuta cmd, ka zaɓi Run as administrator. A baƙin allon da ya buɗe rubuta:

manage-bde -status

Idan ya nuna C a kulle yake da BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle rumbu don kada baƙo ya karanta abin da ke ciki, fito da makullinsa:

manage-bde -protectors -get C:

Za ka ga lambobi 48. Rubuta su a takarda da biro, ka kuma ɗauki hotonsu da waya. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle kansu ba tare da mai su ya sani ba, sai ran da aka taɓa tsarin rumbu su tashi suna neman lambobin nan. In babu su, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka, ko a Sakkwato ko a Legas.

Mataki na biyu: kwashe kayanka da hannu

Jona had-dis na waje a ramin USB mai shuɗin harshe in akwai, shi ne USB 3.0. Ta tsohon rami gigabait 100 kan ci wajen awa ɗaya, ta shuɗin kuwa kamar sulusin haka. Duba tsarin had-dis ɗin ya zama NTFS. Idan FAT32 ne, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4 ba.

Kana iya jan foldoji ka sauke yadda aka saba, amma irin wannan kwafin yakan tsaya a tsakiya yana jiran amsarka alhali ka tafi masallaci. Na fi son wannan umarni, wanda ake rubutawa a baƙin allon cmd ɗin nan. A nan na ɗauka harafin had-dis na waje E ne, ka duba naka, ka kuma sa sunan foldarka a madadin SUNANKA:

robocopy C:\Users\SUNANKA E:\Ajiya /E /XJ /R:1 /W:1

Ma'anarsa: kwashe komai har da foldojin cikin foldoji, in fayil ya ƙi a sake gwadawa sau ɗaya a wuce. A ƙarshe zai kawo lissafin abin da ya kwafu da wanda ya gaza. 'Yan fayilolin da Windows ke riƙe da su za su gaza, wannan ba komai. Idan wani ya ce ka ƙara /MIR, ka yi tunani sau biyu, domin shi yana goge duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a wurin ɗaukowa.

Ga abubuwan da ake mantawa. Foldojin da ka buɗe kai tsaye a kan C, ko a wani fatishan daban, ba sa cikin Users, sai ka bi su ɗaya-ɗaya. Fayilolin OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, masu alamar gajimare ba sa cikin kwamfutar, sunansu ne kawai. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana ba sa bin kwafi irin wannan su yi aiki a wata Windows, sai ka fitar da su daga cikin saitinsa ko ka tabbatar suna haɗe da akawun ɗinka na Google. Sai lambobin lasisin manhajojin da ka saya.

Direbobi ma, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta irin wayafai su yi aiki, a kwashe su. Buɗe folda mai suna Direbobi a had-dis na waje, sannan:

dism /online /export-driver /destination:E:\Direbobi

Wanda ya taɓa ɗora sabuwar Windows ya tarar babu wayafai, kuma sai da wayafai za a sauko da direban wayafai, ya san amfanin wannan layi.

Abin da ba za ka iya jure rasawa ba, kamar furojet, takardun fili, hotunan iyayen da suka rasu, ka ƙara masa gida na uku a intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na ba da 5. Had-dis da laftof da ke kwana a jaka ɗaya, ɓarawo ɗaya ke ɗauke su.

Mataki na uku: hoton rumbu gaba ɗaya

Kwafin da ka yi yanzu kayanka ne kawai. Hoton rumbu kuwa shi ne komai da komai: Windows, manhajoji, saiti, yadda in abu ya lalace za ka mayar da kwamfutar daidai yadda take a yau.

Shiga Control Panel, ka nemi Backup and Restore. Za ka ga an liƙa masa sunan Windows 7, kada ya dame ka, yana nan a Windows 10 da 11. A hagu danna Create a system image, zaɓi had-dis na waje, ka bar shi ya yi. Zai ƙirƙiri folda mai suna WindowsImageBackup. Kada ka sauya mata suna, kada kuma ka tura ta cikin wata folda, domin a bakin ƙofar had-dis ake neman ta ranar mayarwa.

Sai dai wannan hanya tana ɗaukar ɗakunan da Windows ke buƙata ne don ta tashi, ba lallai ta haɗa da babban rikabarin kamfani ba. In kana son ajiye shi ma, wataƙila don ranar sayar da kwamfutar, yi amfani da Clonezilla ko Rescuezilla. Dukansu kyauta ne, daga filashi ake tayar da su, kuma suna ɗaukar rumbu daga farko har ƙarshe. Rescuezilla ta fi sauƙi ga sabon hannu saboda da linzami ake sarrafa ta. Wasu tsofaffin HP kuma suna da HP Recovery Manager mai kwashe rikabarin zuwa filashi, amma sau ɗaya tak yake yarda a yi, don haka kada a yi shi da filashin da ba a gwada ba.

Mataki na huɗu: filashin ceto, da gwada shi

Danna Start, rubuta Recovery Drive, ka buɗe. Bar alamar da ke kan Back up system files to the recovery drive. Jona filashin. Duk abin da ke kansa zai goge, kuma aikin kan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Wannan filashi shi zai maye gurbin abin da za ka goge. Ba ya ɗauke da kayanka ko manhajojinka, Windows kawai yake iya farfaɗowa.

Yanzu gwaji, wanda a ganina ya fi duk matakan nan muhimmanci. Kashe kwamfutar, ka kunna ta da filashin a jiki, kana danna maɓallin zaɓin tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, Esc a Asus. Zaɓi filashin. In shuɗin shafi ya fito yana tambayar tsarin kibod, filashinka na da rai. Shiga Troubleshoot, ka nemo System Image Recovery da had-dis na waje a jone, ka ga ko ya gano hoton da ka ɗauka, da kwanan watansa. Da ya nuna shi, danna Cancel ka fita.

Sannan ka kai had-dis ɗin wata kwamfutar da ka amince da tsabtarta, ka buɗe fayiloli goma daga wurare daban-daban. Ban ce shagon buga takardu ba. Ƙwayar cutar nan mai mayar da foldoji gajerun hanyoyi, wato shortcut, a irin wuraren da filashi ɗari ke shiga a yini ake kwaso ta.

Da muka yi wannan gwaji da ƙanena, sai ga shi babi na huɗu na furojet ɗinsa babu shi a kwafin. Ashe a wata folda ya ajiye shi a kan C kai tsaye, mai suna "sabo sabo na ƙarshe". Da mun yi gaggawa, kuma aka samu kuskure, da ya saki reshe ya kama ganye.

Mataki na biyar: gogewar

Zare had-dis na waje. Zare filashi. Zare katin memori in akwai. Ina nanata wannan ne domin ni kaina na taɓa zaɓar rumbu na 1 a madadin na 0 cikin dare ina gyangyaɗi, kuma abin da na goge shi ne ajiyar da na ɓata yini ina yi. In rumbu ɗaya ne a jone, ƙofar wannan kuskure ta rufe.

Buɗe cmd a matsayin administrator, ka rubuta:

reagentc /info

Zai nuna maka inda rikabarin da Windows ke amfani da shi yake, da rubutu irin harddisk0\partition4. Riƙe lambar nan. Wasu kwamfutocin da aka sha ɗaukaka su suna da ƙananan rikabari biyu ko uku, ɗaya ne mai rai, sauran marayu ne.

In babban na kamfani kaɗai za ka cire, kuma lambarsa ta bambanta da wadda aka nuna, tsallake zuwa umarnin diskpart da ke ƙasa. In kuwa mai ran ne za ka cire, fara da:

reagentc /disable

Wannan zai ɗauke Winre.wim ya mayar da shi cikin C. Tabbatar da idonka:

dir /a C:\Windows\System32\Recovery

In ba ka ga Winre.wim a jerin ba, dakata a nan, kada ka goge komai.

In ka gan shi, sai ka rubuta waɗannan, kowanne a layinsa kana danna Enter:

diskpart

list disk

select disk 0

list partition

Jerin ɗakuna zai fito da lamba da nau'i da girma. Nemo wanda nau'insa Recovery ne, ko OEM, kuma girmansa ya dace da wanda ka gani a shafin diskmgmt.msc. Babban na HP mai harafin D yakan fito a matsayin Primary, da girmansa za ka gane shi. System shi ne EFI ɗin nan, Reserved shi ne ɗan mitsitsin, Primary mafi girma shi ne C. A ce naka lamba 5 ne:

select partition 5

detail partition

Karanta abin da ya fito. Girman ya yi daidai? To:

delete partition override

Kalmar override ita ke karya kariyar da ta hana ka goge shi da linzami. Diskpart ba ya tambayar ko ka tabbata, ba ya da kwandon shara. Da ka danna Enter, an gama. In akwai na biyu da za ka cire, sake rubuta list partition tukuna, kada ka dogara da lambobin ɗazu. Rubuta exit ka fita.

Mataki na shida: cin moriyar filin

Koma diskmgmt.msc. Za ka ga baƙin layi mai rubutun Unallocated. In yana manne da C ta hannun dama, danna C da maɓallin dama na linzami, zaɓi Extend Volume, ka bi Next har ƙarshe.

In Extend Volume ya dushe ya ƙi dannuwa, to filin ba ya manne da C ta dama. Ko dai ƙaramin rikabari ya shiga tsakani, ko kuma filin yana hagu, kamar yadda tsofaffin Windows 10 suka riƙa dasa rikabari a farkon rumbu. Akwai manhajoji irin GParted masu matsar da fatishan, amma matsar da C aiki ne mai tsawo da hatsari, ban ba sabon hannu shawararsa ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka danna baƙin filin, ka zaɓi New Simple Volume, ka mayar da shi ɗaki mai zaman kansa. Haka muka yi wa ƙanena: gigabait 18 suka zama D, ya kwashe karatuttukan malamai da littattafan PDF ya zuba can, jan layin C ya koma shuɗi.

In ka kashe rikabari ɗazu, mayar da shi:

reagentc /enable

Sai ka sake reagentc /info, ka ga an rubuta Enabled. Yanzu zai zauna a cikin C, a ɓoyayyar folda mai suna Recovery. Amma in C a kulle yake da BitLocker, Windows za ta ƙi, domin ba ta yarda rikabari ya zauna a ɗakin da ke kulle. Mai BitLocker ko dai ya bar ƙaramin fatishan ɗin tun farko, ko ya dogara da filashinsa.

Wanda kuma ya yanke shawarar sake gina ƙaramin rikabari da kansa, kada ya matse shi. A Janairun 2024 sabuntawar Windows 10 mai lamba KB5034441 ta riƙa gazawa a kwamfutoci da yawa da kuskuren 0x80070643, saboda tana neman sararin megabait 250 a cikin wannan ɗaki. Ba shi gigabait 1 ka huta.

Kashe kwamfutar ka kunna sau biyu. In ta tashi lafiya, riƙe Shift ka danna Restart, ka ga ko shuɗin shafin zai fito. Filashin ceto kuma ka liƙa masa takarda da sunan kwamfutar da kwanan wata, ka sa shi a ambulan tare da lambobin BitLocker, ka ajiye inda ƙurar hunturu ba ta kai, kuma inda mai neman aron filashi don tura waƙoƙin biki ba zai gan shi ba. Had-dis na waje kuwa, duk ƙarshen wata ka jona shi ka sake buga layin robocopy ɗin nan. Karo na biyu ba ya daɗewa, domin abin da ya sauya kaɗai yake ɗauka.